Kurakuran da baƙi ke maimaitawa a Kwarin Katmandu

Duk wanda ya dawo daga Nepal ya ce ya zagaye Kwarin Katmandu a yini ɗaya, abin da ya fi gani shi ne ƙeyar direbansa da cunkoson babura. Wannan kuskure ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da shi kamar wata alfarma, baƙi kuma suna saye ba tare da tambaya ba. Katmandu da Patan da Baktapur ba unguwannin gari ɗaya ba ne. Masarautu uku ne na sarakunan Malla, waɗanda suka rabu a ƙarshen ƙarni na 15, kowane sarki yana ƙoƙarin fin ɗan'uwansa a ginin fada da haikali, har sai da Prithvi Narayan Shah na Gorkha ya cinye su a 1768 da 1769. Wannan gasa ce ta bar wa kwarin dandalan fada uku, waɗanda da su da wasu wuraren ibada huɗu UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1979.

Wani kamfani ya taɓa sayar mini da irin wannan zagaye, kuma har yau ban huce ba. Mun isa Baktapur bayan la'asar sakaliya, muka biya cikakken kuɗin shiga, muka tarar an rufe gidan tarihi, ɗan rakiyar kuma yana ta duba agogo. Haikalin Nyatapola mai rufi hawa biyar, wanda Sarki Bhupatindra Malla ya gina a 1702 kuma ya tsira daga girgizar ƙasa ta 1934 da ta 2015, ban samu ko hawa matakalarsa ba. Maganin da na ɗauka tun daga lokacin shi ne kwana a cikin garin. Bayan asuba, kafin motocin baƙi su iso, mata suna wucewa da farantan tagulla ɗauke da furanni da jar hoda, da hantsi kuma magina tukwane suna jera ɗanyun tukwanensu a rana har ka rasa inda za ka sa ƙafa. A nan ne ake sayar da juju dhau, kindirmon madarar ɓauna mai zaƙi da ake kafawa a kaskon yumɓu. Patan ma a ba ta nata yinin, ko don gidan tarihin da ke cikin fadarta da haikalin Krishna na 1637, wanda aka gina da dutse zalla a garin da ya saba da bulo da katako.

Kuskure na biyu na rashin ladabi ne, kuma kyamara ce ke jawo shi. A Pashupatinath, a bakin kogin Bagmati, mabiya addinin Hindu suna ƙone gawarwakinsu a fili, kuma babu wanda zai hana baƙo tsayawa a ɗaya gaɓar. Sai ka ga babban mutum ya ɗaga waya yana jawo hoton fuskar ɗan da ke sa wa gawar mahaifinsa wuta, yana yi wa abokansa bayani kai-tsaye. Wane ne a cikinmu zai yarda baƙo ya tsaya a bakin kabari yana ɗaukar bidiyo lokacin da ake binne mahaifiyarsa? Bambancin addini bai mayar da makokin wani abin kallo ba. Ni dai ina sa wayata a aljihu tun daga ƙofa, kuma ba na jayayya da masu gadi a kan babban haikalin, wanda mabiya Hindu kaɗai ke shiga. Haka nan a gidan Kumari, yarinyar da ake girmamawa a matsayin allahiya mai rai, da ke dandalin fadar Katmandu, an haramta ɗaukar hoton yarinyar idan ta leƙo ta taga, amma kullum sai an samu mai taurin kai da za a daka wa tsawa.

Sauran kurakuran ƙanana ne, in ban da na biza. Masu fasfon Najeriya da Gana da Kamaru ba sa cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgin sama, don haka dole ne a neme ta a ofishin jakadancin Nepal kafin a tashi. A Boudhanath da Swayambhunath, wuraren ibadar mabiya Buddha, ana kewaya hasumiyar ibadar ne ta yadda take hannun damanka, kamar tafiyar hannun agogo, kuma wanda ya bi akasin haka zai yi ta karo da tsofaffi masu jan carbi. Birran Swayambhunath ɓarayi ne, kada a hau matakalar da leda a hannu. A cire takalmi inda aka ga an cire, kuma Haikalin Zinare na Patan ba ya karɓar kayan fata. Kada a jefar da tikitin shiga, domin a Katmandu da Baktapur ana iya tsawaita shi idan aka nuna fasfo. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, gajimare ya rufe duwatsun Himalaya. Oktoba da Nuwamba ne sararin sama ke washewa.

Game da abinci, saniya abar girmamawa ce a ƙasar kuma doka ta hana yanka ta, don haka naman sa yana da wuyar samu, naman ɓauna aka fi samu. Wanda ke son halal da wurin salla ya nufi wajen hasumiyar agogo ta Ghantaghar a Katmandu, inda Masallacin Jame da Masallacin Kashmiri suke kusa da juna, da gidajen abincin Musulmi a kewayensu.