Darasi na 6: Yadda za ka gwada taki a gonarka da kanka

Ƴan uwa, kowace shekara in anka gama girbi hira ɗaya ce a dandali, wani ya ce wallahi takin zamani ne ya ba shi hatsi bana, wani ya ce shi dai irin da ya sayo a kasuwar Maradi ne, na ukku ya ce ku dai ku gode Allah ruwa anka samu. To wanda ya canza iri kuma ya zuba taki kuma damina ta yi kyau, ta ina zai gane wanne ne ya yi aikin? Shi ya sa masu bincike irin na INRAN, hukumar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna kusa da Maradi, in za su yi gwaji abu ɗaya tak suke canzawa, sauran duka su bar shi yadda yake.

Mu ɗauki taki. Akwai dabarar da masu bincike na ICRISAT, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Sadore kusa da Yamai, sunka daɗe suna aiki a kanta, a sa taki ɗan kaɗan a kowane gurbi, giram 6 na takin zamani 15-15-15, kamar cikin marfin kwalbar lemu ke nan. Tambayarka ita ce, wanga ɗan takin zai ƙara mini hatsi a gonata ko ko asarar kuɗi ce? Ka rubuta ta cikin kaye tun kafin ruwan shuka, don in ba ka rubuta ba zuciya za ta canza maka labarin daga baya.

Sai ka yanki fili shidda, kowane mita 10 tsawo mita 10 faɗi. In tsakanin gurbi da gurbi mita ɗaya ne, gurbi 100 ke nan a kowane fili, taki giram 600. Ukku za a sa musu, ukku ba za a sa ba, ka ga kilo biyu ma ya ishe ka. Waɗanda ba a sa ma taki ba su ne shaida, kuma nan ne mutane ke kasawa, mutum ya ga sashen ya yi rawaya tausayi ya kama shi ya je ya ɗan barbaɗa masa, shi ke nan ka kashe shaidarka ba ka da wanda za ka tambaya. Iri ɗaya, shuka rana ɗaya, noman fari da maimai lokaci ɗaya, cira ma a bar ƙafa daidai a kowane gurbi.

Me ya sa shidda, biyu ba su isa ba? Ai kun san gona ba ɗaya take ba. Ƙarƙashin gawo hatsi ya fi kyau ko ba taki, haka wurin da shanun Fulani sunka kwana da rani, ga kuma inda ƙuduji ya addaba. In fili biyu kawai ka yi kuma mai takin ya faɗa gindin gawo, sai ka yaba ma taki alhali aikin gawo ne.

Kuma kar ka zaɓa da idonka, ido yana da son kai, wuri mai kyau zai kai takin da ka saya da kuɗinka. A yi ƙuri'a: takarda shidda, ukku an rubuta taki ukku babu, a zuba cikin hula yaro ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya, fili na farko takarda ta farko, haka har ƙarshe. Wani masanin lissafi Ronald Fisher, da ya fara aiki a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila a 1919, shi ya dage kan sai an yi ƙuri'ar nan, kuma har yau haka ake yi a gwajin magani ma.

Ranar girbi kowane fili a yanke shi daban. Kar a ƙirga dami, damin wani ya yi biyun na wani. A sussuke a sheƙe a auna da tiya guda, ko da kilo in akwai, a rubuta. Ka tara na ukku masu taki ka raba ukku, haka na shaida, sannan ka duba ko ƙarin ya biya kuɗin takin da wahalar. Baɗi a sake, don damina ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba.

Aikin gida: zana gonarka cikin kaye, ka nuna inda gawo yake da inda ruwa ke kwanciya, ka zo da shi aji mu yanki filayen tare.