Yaushe ɗalibi zai bar kwalejin al'umma ya koma jami'a a Amurka

A gidaje da yawa na Nima da Mamobi a Accra akwai ɗa ko 'ya da ke karatu a kwalejin al'umma, wato kwalejin shekara biyu, a Amurka, galibi a unguwar Bronx ta birnin Niyu Yok, inda 'yan Gana suke da yawa. Idan aka kira shi ta WhatsApp bayan sallar isha'i, tambayar mahaifi ba ta wuce, "To, yaushe za ka shiga jami'a ta gaske?" Sai dai gaggawa a nan tana iya jawo asarar kuɗi da ta shekara guda.

Abin da ya kamata a ƙirga shi ne kiredit, wato makin da ake tarawa daga kowane darasin da aka ci, ba watanni ba. Digirin kwalejin al'umma na shekara biyu yakan ɗauki kiredit 60, digirin farko na jami'a kuwa 120. Wanda ya kammala 60 ɗin kafin ya tashi yakan shiga jami'a a aji uku, kamar yadda mai HND daga Jami'ar Fasaha ta Accra yake ɗorawa ya samu digiri. Wanda ya tashi da ƙasa da kiredit 30 kuwa, jami'o'i da yawa za su koma su duba sakamakonsa na WASSCE tamkar sabon shiga.

Amma ba kowane kiredit ne yake bin mai shi ba, kuma nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Darussan share fage na Turanci da lissafi ba sa shiga ƙirga, darasin da aka ci da ƙasa da C ma galibi a baya ake barinsa. Saboda haka tun a zangon farko ɗalibi ya je wurin jami'in ba da shawara da sunan jami'ar da yake so da fannin da zai karanta, ya nemi a nuna masa yarjejeniyar da ke tsakanin makarantun biyu a rubuce. A Niyu Yok, tsarin Pathways na CUNY, wato rukunin makarantun Jami'ar Birnin Niyu Yok, da aka fara a 2013, ya sa darussan bai-ɗaya da aka ci a Kwalejin Al'umma ta Hostos ko ta Bronx suna karɓuwa a manyan kwalejojinsa masu ba da digirin farko, irin su Lehman da City College.

Takardun nema kuwa ana shigar da su ne watanni da yawa kafin tashi, a wasu jami'o'in kusan shekara guda. Jami'ar Kalifoniya, alal misali, tana karɓarsu a Oktoba da Nuwamba domin shiga a kakar shekara mai zuwa. Wanda ya jira sai ya karɓi shaidar kammalawa, ya makara.

Daɗewa ma tana da nata illar, domin yawancin jami'o'i suna da iyakar kiredit ɗin da suke karɓa daga kwalejin shekara biyu. Mai son injiniyanci, idan ya gama darussan lissafi da na kimiyya da kwalejinsa take koyarwa, a ganina babu dalilin ƙara zama.

Wanda yake kan bizar ɗalibi ta F-1 yana buƙatar sabuwar takardar I-20, wato shaidar da makaranta take bai wa ɗalibin ƙasar waje, daga jami'ar, kuma ba za a ba shi ba sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda. Wannan ɓangaren na iyaye ne a Accra, don haka a sanar da su tun kafin a cike fom, su fara shirya takardar banki.