Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa amfilifayar bawul ta jitar bes, da yadda ake gyara su

Duk wanda ya tashi haɗa amfilifayar bawul a Kano, wato mai kwalaben gilashin nan da ke haske idan sun ɗau zafi, tambayarsa ta farko ita ce ina zai samo 6L6 ko EL34, wato manyan bawul ɗin da ke ba sauti ƙarfi. A nan kuɗinsa yake ƙarewa, sauran kayan kuma sai ya tsinto abin da ya samu a Sabon Gari. Ranar da aka kunna, murya ta fito tas a ƙananan tsirkiyoyi, amma da mai kiɗa ya taɓa babbar tsirkiya sai sautin ya dagule. Laifin ba na bawul ba ne. Ƙarfin amfilifayar bes yana cikin ƙarfen taransifoma da akwatin sifika, kuma a wajensu aka fi yin rowa.

Kafin a kai can, akwai maganar rai. A cikin akwatin nan akwai wutar da ta kai bolt 400 zuwa 500, kuma manyan kafasita suna riƙe ta ko bayan an zare soket. Yaron shagon da ya saba da rediyo da amfilifayar taranzista yakan ɗauka da an kashe shi ke nan, sai ya zura hannu. Wannan wutar tana kisa. Ka saka rasista mai om 220,000, wat 2, a kan kafasitar farko ta zauna a wurin dindindin tana zuƙe cajin, kuma duk da haka kada ka taɓa komai sai mita ta nuna maka wutar ta sauka. In kana awo da wuta a kunne, hannu ɗaya ke aiki, ɗayan yana aljihu, ƙafa da takalmi. Jikin ƙarfen kuma a ɗaure shi da wayar ƙasa da kusa tata ita kaɗai, a sa fiyus a layin shigowa. Tsirkiyar jita a haɗe take da wannan ƙarfen, hannun mai kiɗa kuma yana kan tsirkiya. Gidajenmu da yawa soket ɗinsu rami uku ne amma na ukun babu waya a bayansa, don haka ka auna kafin ka yarda.

Kwafo zanen amfilifayar jita

Wannan ne babban kuskure, kuma yana da asali. Amfilifayar Fender Bassman ta fito a 1952 don masu bes, amma samfurin da ya fi shahara, 5F6-A na ƙarshen shekarun 1950, masu ƙaramar jita ne suka ƙwace shi, har kamfanin Marshall a Ingila ya gina amfilifayarsa JTM45 a kansa a 1962. Zanensa ya cika intanet, sunansa kuma yana ruɗar mutane. Tsirkiyar E ta ƙaramar jita tana kaɗawa a 82 Hz, wato sau 82 a sakan ɗaya, ta bes a 41 Hz, mai tsirkiya biyar kuma tana sauka har wajen 31 Hz. Duk lokacin da sauti ya sauka da rabi, maganaɗisun da ke cikin ƙarfen taransifomar fitar da sauti yana ninkawa. Ƙarfen da ya ishi wat 50 a jita zai ƙoshi ya shaƙe a bes tun kafin a kai can, shi ne wannan dagulewar da ake ji.

In kana son abin koyi, dubi Ampeg B-15 da Jess Oliver ya tsara a 1960: 6L6 guda biyu, wat 25 zuwa 30, sifika mai inci 15 a akwati mai rufaffen baya, kuma har yau masu sutudiyo suna nemanta.

Samun taransifomar da aka yi don bes daga waje yana da tsada da nauyi, shi ya sa ake kai wa masu naɗin kwayil. Sun iya aikinsu, sai dai sun saba da na sitabilaiza da caja, inda ake naɗe waya ɗaya gaba ɗaya a ɗora ta biyun a kai. In aka yi wa ta sauti haka, siririyar murya takan dushe. Ka zauna da shi ka ce, "Malam, wannan ba ta wuta ba ce. A raba naɗin kashi-kashi, a riƙa cusa na sifika a tsakanin na bawul, ɓangarorin biyu kuma su zo daidai da juna, a sa takarda mai kyau a tsakani." Ƙarfen ya fi na jita girma, gara ya kai ninki biyu, faifansa siriri mai kyau, ba mai tsatsa da aka kwance daga tsohon inji ba. Ga 6L6 biyu ana neman wajen om 4,000 daga faranti zuwa faranti (farantin ƙarfen da ke cikin kowane bawul), wanda ke nufin kusan naɗi 22 a kan kowane 1 na sifika mai om 8. Gwajin ba wuya: ba gefen sifika bolt 1 na AC, mita ta nuna maka kusan 22 a ɗaya gefen, rabi-rabi daga tsakiya.

Sai ƙananan kafasita na tsakanin matakan ƙara sauti. Mai 0.022 µF da rasistar 220k, wato om 220,000, tana fara yanke sauti a wajen 33 Hz, in aka jera irinta uku sai ƙasan ya zube. A ƙofar manyan bawul ka sa 0.047 ko 0.1. Kada kuma ka zuba manya ko'ina don neman kauri, domin amfilifayar za ta fara ɓat-ɓat-ɓat da kanta, ko ta riƙa ɗaukewa na ɗan lokaci bayan an bugi tsirkiya da ƙarfi.

Wutar gari

Zanen Amurka na bolt 120 ne da 60 Hz, namu 230 da 50 Hz. Ko an sauke wutar, taransifomar da aka yi wa 60 Hz tana ƙara zafi a 50. A naɗa maka ta nan.

Lissafin da ake mantawa shi ne, in ka yi amfani da dayod wajen mayar da AC zuwa DC, bolt 350 na AC yana komawa kusan 495 kafin bawul su ɗumama su fara jan wuta. Kafasita mai bolt 450 ta riga ta wuce iyakarta, balle in janareta ya yi sama. Jera biyu masu 350 a bayan juna, kowace da rasistar 220k a gefenta don su raba wutar daidai. Ka zaɓi masu 105°C, domin a watan Afrilu inuwa kanta tana haura digiri 40 a garin nan, cikin akwatin kuwa ya fi haka nesa. Hita, wato zaren da ke ɗumama bawul, tana son bolt 6.3, kada ta kauce fiye da kashi 10 cikin 100. Kuma ka tara abin da kowane bawul ke ci: 6L6GC amfiya 0.9, EL34 1.5, 6550 1.6, ƙaramin bawul 12AX7 kuma 0.3. Wanda ya cire 6L6 ya dasa 6550 ba tare da duba wannan ba, ya shirya shaƙar ƙaurin banish.

Gurnani

A amfilifayar jita ana iya yafe ɗan gurnani, sifikarta ba ta fitar da shi sosai. Ta bes an gina ta ne musamman don ta fitar da wannan yankin, kuma 50 Hz yana dab da muryar G ta ƙasa mai 49 Hz, sai ka ji su biyun suna kokawa. Saurara da kyau. In gurnanin mai zurfi ne, na 50 ne: murɗa wayoyin hita biyu su zama igiya ɗaya, ka kwantar da su a gefen ƙarfe nesa da wayar shigar sauti, ka ja rasista mai om 100 daga kowace zuwa ƙasa in naɗin ba shi da tsakiya. Taransifomomin biyu a nesanta su, a juya ɗaya ta ba ɗayar gefe. In kuwa ƙarar ta fi tsini, ta 100 ce, daga kafasitar tace wuta ko daga wayoyin ƙasa da aka lilliƙa a duk inda hannu ya kai. Tattara su: na ɓangaren wuta wuri ɗaya kusa da kafasitar farko, na 12AX7 kusa da jak ɗin shiga.

In da kunnawa ta ƙwala ihu, yawanci wayoyin faranti biyu na taransifomar sauti ne suka juye. Kashe, sauke caji, musanya su.

Bayas da kunne

Bayas, wato daidaita wutar da manyan bawul ke ja lokacin da babu sauti, ba a saita shi da kunne. Sa rasista mai om 1 tsakanin katod na kowane babban bawul (ɓangaren da hita ke ɗumamawa) da ƙasa, duk milibolt ɗaya da mita ta nuna miliamfiya ɗaya ke nan. 6L6GC wat 30 take ɗauka. A bolt 450, kashi 70 cikin 100 ya kama wajen miliamfiya 46, ni kuwa a zafin Kano na fi son a tsaya a 40. Ka tabbata wutar bayas, wadda ke ƙasa da sifili, tana isa fil na 5 na mazaunin bawul kafin ka dasa shi. In ka ga farantin ciki ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take. Rasistar sikirin, wato ragar da ke cikin babban bawul, mai om 470 kuma kada a tsallake ta.

Akwatin sifika shi ma ana raina shi. Sifikar jita a akwati mai buɗaɗɗen baya ba ta jure bes, takardar za ta yage. Kafinta ya yi maka rufaffe da filawud mai milimita 18, da katakon tokara a ciki, gam a kowace gaɓa, ba inda iska ke tsira. Amfilifayar ta zauna a nata akwatin daban, girgiza na sa 12AX7 ƙara. A bar mata tagogin iska sama da ƙasa da 'yar fanka, lokacin hunturu kuma a riƙa share ƙurar da ke taruwa a gindin bawul, don in damina ta jiƙa ta wuta na iya bi ta kai. Sifika biyu masu om 8 a haɗe gefe da gefe om 4 ne, a sa su a ramin 4. Kada a taɓa kunna ta babu sifika, taransifomar da ka sha wahala a kanta ce za ta ƙone.

Wat 30 zuwa 50 ya ishi sutudiyo da ƙaramin zaure, amma ba zai yi filin biki ba. Ampeg SVT ta 1969 sai da ta kai wat 300 da manyan bawul shida, kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. A fili, sa makirfo a gaban sifika.

Kunnawar farko a yi ta da ƙwan fitila mai zare, irin na da, wat 100, a jere da layin wuta. Fara babu bawul ko ɗaya, ka auna hita da bayas, mita kuma tana kan kafasita don kada wutar ta haura iyakarsu. Sannan ka dasa ƙanana, sannan manya, sifika a haɗe. Ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haske, akwai inda waya ta haɗe, sai a kashe a sauke caji a bi layi ɗaya bayan ɗaya.