Yadda za ka lissafa tsawon tafiyar jirgin sama daga Yamai zuwa Jidda

Duk wanda ya raka maniyyaci tashar mota a Damagaram ya san tambayar da iyali ke maimaitawa, wato ƙarfe nawa zai sauka. Amsar tana hannunka, matuƙar ka san nisan tafiyar, da gudun jirgin, da bambancin agogon ƙasashen biyu.

Fara da nisa. Tsakanin Yamai da Jidda, idan aka miƙe ta sama babu kwana, akwai kimanin kilomita 4,000, alhali daga Damagaram kai tsaye bai wuce 3,300 ba sosai. Ke nan mutumin garinmu da zai tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai sai ya fara cin kusan kilomita 900 a mota zuwa yamma, sannan jirgi ya juyo da shi gabas. Wannan wahalar hanya ce da ya kamata a sa ta cikin shiri, musamman ga tsofaffi.

Manyan jiragen fasinja suna gudun kilomita 850 a awa, ko kusa da haka. Raba 4,000 da 850, za ka samu awa 4 da minti 40 da ɗoriya, sai ka ƙara rabin awa na tashi da sauka, domin jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya ɗaga sosai. Lissafin ya tsaya a wajen awa 5 da kwata. Iska tana iya ragewa ko ƙarawa, rufe sararin samaniyar wata ƙasa kuma yana ƙarawa, kamar yadda yaƙin Sudan ya jawo a watan Afrilun 2023, abin da ya tilasta wa jirage zagaye.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar a natsu. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2, sannan lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da aka ambata ne. Idan jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare a Yamai, zai sauka ƙarfe 5 da kwata na asuba agogon Jidda, lokacin da agogon gida ke nuna 3 da kwata. Wanda ya dubi tikiti kawai zai ɗauka tafiyar awa 7 ce. A dawowa kuma sai ta yi kamar awa 3.

Idan jirgin zai yada zango a Addis Ababa ko Istanbul, lissafa kowane ɓangare daban, ka haɗa da awannin jira. Mai niyyar Umra kuwa ya ajiye haraminsa a jakar hannu, kada ya tura shi cikin manyan kaya, domin jirgi yana ratsa daidai mikati kafin ya sauka Jidda.