Yadda yaron mai dabo zai gaji maigidansa a fage

Duk yaron da ke bin mai dabo kasuwa-kasuwa, Alhamis a Maigatari, Juma'a a Wudil, ya kamata ya san cewa gadon akwatin kaya ya fi gadon 'yan kallo sauƙi. Saboda haka, tun maigidanka yana da ƙarfinsa, ka roƙe shi ya riƙa ba ka fili kana buɗe wasa kafin ya shigo, domin idon jama'a ya saba da kai.

Haka Howard Thurston ya yi a Amurka. Ko da yake ya riga ya yi suna da dabon karta, sai da ya bi fitaccen mai dabo Harry Kellar zagaye daga 1907, sannan a watan Mayu na 1908, a birnin Baltimore, Kellar ya gabatar da shi ga 'yan kallo a matsayin magajinsa. Thurston ya riƙe wasan da aka fi sanin Kellar da shi, na ɗaga mace ta tsaya a iska, ya ƙara nasa a kai, kuma ya yi kusan shekara 30 yana jan zaren sana'ar kafin rasuwarsa a 1936. Kai ma ka nemi a miƙa maka a bainar jama'a, ranar kasuwa, zai fi kyau da kaka lokacin da fage ke cika.

Wajen koyo, kada ka zuba wa hannun maigida ido kaɗai. Ka lura da inda yake tsayawa don rana ta kasance a bayansa, da yadda yake jefa wa wani dattijo zolaya daidai lokacin da tsabar kuɗi ke sulalewa daga tafinsa zuwa ƙarƙashin ƙoƙo. Dariyar nan ce ke rufe idon mutane, kuma ita ta fi wuyar koyo. Makaɗinsa ma kada ka rabu da shi, don shi ya san inda ake tsananta kiɗa.

Maganar kaya, saye ne ko kyauta, a yanke ta gaban shaidu, gudun rigima da 'ya'yan maigida nan gaba. Kafin ka kafa fage a kowane gari, ka gaida dagaci da sarkin kasuwa da sunan maigidanka. Ka kuma faɗa wa jama'a ƙarara cewa wasanka saurin hannu ne, domin a ƙauyukanmu wanda ya jingina siddabarunsa ga aljanu ba ya daɗewa malamai da iyaye ba su hana yara zuwa kallonsa ba.