Yadda ɗalibin likitanci a Amurka zai samu tallafin bincike kan likitancin gaggawa a hutun bazara

A yawancin makarantun likitanci na Amurka, inda karatu ke ɗaukar shekara huɗu, dogon hutu ɗaya ne ɗalibi yake samu, wato wanda ke faɗowa tsakanin shekarar farko da ta biyu, daga wajen watan Yuni zuwa farkon Agusta. A cikin waɗannan makonni takwas zuwa goma ne masu sha'awar likitancin gaggawa suke yin bincikensu na farko. Rububin neman gurbin bincike ya ƙaru tun daga Janairun 2022, lokacin da aka daina ba da maki a jarrabawar USMLE Step 1, matakin farko na jarrabawar samun lasisin aikin likita a Amurka, aka koma ci ko faɗuwa kawai, domin ɗalibai sun shiga neman wani abin da zai bambanta su da takwarorinsu. Kuɗin tallafi akwai shi, sai dai ba ya isa hannun wanda ya farka a watan Mayu. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma safiyar wannan lamari ita ce watan Oktoba ko Nuwamba na shekarar farko.

Mataki na farko shi ne neman malamin da zai yi wa ɗalibi jagora, tun kafin a yi maganar kuɗi, saboda kusan duk masu ba da tallafi suna auna malamin fiye da yadda suke auna ɗalibin da bai taɓa bincike ba. A fara da ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar fannin a makaranta, sannan a nemi daraktan bincike na sashen gaggawa, wanda ya san malamin da ke da aiki a hannu da wanda aikinsa ya tsaya. Idan an samu sunaye biyu ko uku, sai a saka kowanne a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, a duba abin da ya wallafa a shekarun baya-bayan nan, a kuma leƙa NIH RePORTER, shafin da ke nuna binciken da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa (NIH) ke ɗaukar nauyinsa, don ganin ko yana riƙe da tallafin gwamnatin tarayya. Abin da ya fi cancantar a lura da shi shi ne ko sunayen ɗalibai suna fitowa cikin jerin marubutan maƙalunsa. Babban farfesa wanda ba a ganinsa sai sau ɗaya a wata bai kai matashin malami mai zama da ɗalibinsa kowane mako amfani ba. Saƙon imel na farko ya zama gajere, ya ambaci wata maƙala ta malamin da ɗalibi ya karanta, ya roƙi ganawa ta minti ashirin.

Bayan an samu jagora, sai zaɓen tambayar bincike, kuma a nan ne yawancin ayyukan bazara suke lalacewa. Binciken da ke buƙatar a riƙa tsayar da marasa lafiya ana neman amincewarsu ɗaya bayan ɗaya ba ya ƙarewa cikin mako goma, musamman a sashen da mutane ke shigowa cikin ciwo da firgici, wasu ma ba sa cikin hayyacinsu. Abin da ya fi dacewa shi ne nazarin bayanan da aka riga aka tara. Ga misali: ƙa'idar likitocin zuciya ta ce wanda ya zo da ciwon ƙirji a ɗauki awon bugun zuciyarsa na ECG cikin minti goma da isowarsa. Ɗalibi zai iya ɗauko bayanan asibitinsu na shekara ɗaya, ya kwatanta lokacin da aka yi wa masu jin Turanci wannan awo da lokacin da aka yi wa waɗanda sai da tafinta. Tambaya ce ƙarama, tana da ma'auni bayyananne, kuma amsarta za ta iya sauya yadda ma'aikatan jinya ke tantance marasa lafiya a bakin ƙofa. Wanda bai samu bayanan asibiti ba yana iya komawa ga rumbunan da ke buɗe ga masu bincike, irin su NHAMCS na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ko NEISS da ke tattara bayanan raunuka, ko MIMIC-IV-ED da aka samo daga asibitin Beth Israel Deaconess na Boston.

Sai kuma inda kuɗin yake. Hanya mafi sauƙi ita ce asusun makarantar kanta, wanda galibi ofishin shugaban tsangaya ke rabawa a matsayin alawus na bazara. Makarantu da dama suna riƙe da tallafin T35 na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, wato NIH, wanda aka ware musamman don gajeren horon bincike. A cikin fannin kansa, gidauniyar Emergency Medicine Foundation, wadda aka kafa a 1972, tana haɗa gwiwa da gidauniyar SAEM, ƙungiyar malamai da masu bincike kan likitancin gaggawa, wajen ba da tallafin bincike ga ɗaliban likitanci. Ƙungiyar Alpha Omega Alpha, mai karrama zakarun ɗaliban likitanci, tana da tallafin Carolyn L. Kuckein, amma kowace makaranta ɗalibi ɗaya take miƙawa, don haka gasar tana farawa ne daga cikin gida. Wanda tambayarsa ta shafi tsofaffi, kamar faɗuwa ko ruɗewa a sashen gaggawa, yana iya neman shirin MSTAR na bincike kan tsufa. Akwai sharaɗin da ya kamata ɗalibi ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana ya sani tun da wuri: T35 da MSTAR na ƴan ƙasar Amurka ne da masu takardar zama ta dindindin. Mai bizar karatu ta F-1 ya mai da hankali ga asusun makaranta da kuɗin da malaminsa ke riƙe da shi, kuma ya tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ya karɓi ko sisi daga wata cibiya da ke wajen jami'arsa.

Wa'adin miƙa takardu yakan faɗo tsakanin Disamba da Maris. Takardar neman ba ta buƙatar ado: tambaya ɗaya, dalilin muhimmancinta, inda bayanai za su fito, yawan marasa lafiyar da za a duba, da jadawalin aiki mako-mako. A bai wa malami aƙalla mako uku don rubuta wasiƙarsa, kuma a roƙe shi ya fayyace sau nawa zai riƙa ganawa da ɗalibin da wanda zai taimaka da lissafin alƙaluma, domin alƙalan tallafi suna neman waɗannan bayanai.

Ba a jiran sakamakon tallafi kafin a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, wanda ake kira IRB. Ko binciken tsofaffin bayanai ne, kwamitin ne zai yanke cewa ya cancanci sassauci, ba ɗalibi ko malaminsa ba, kuma hakan na iya cin makonni. Haka nan sai an kammala horon CITI kan ɗa'ar bincike ta intanet da horo kan dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA kafin a buɗe wa mutum kundin asibiti. Ɗalibin da ya bar waɗannan sai watan Yuni zai cinye rabin hutunsa yana jiran izini, alawus na tafiya, aiki bai motsa ba.

Idan bazara ta kama, a tsara fom ɗin tattara bayanai a manhajar REDCap, a gwada shi da kundi ashirin, a nuna wa malami kafin a ci gaba, domin gyara kuskure bayan an shigar da kundi ɗari biyar wahala ce. Yana da kyau kuma a roƙi izinin bin likitoci aikin dare ko da sau biyu ne, saboda a can ne ɗalibi zai ga cewa lokacin da aka rubuta a kwamfuta ba koyaushe ne lokacin da aka yi aikin ba. Maganar jerin sunayen marubuta a yanke ta a makon farko, a rubuce. Kafin komawa aji a rubuta taƙaitaccen sakamako don taron shekara-shekara na SAEM da ake yi a watan Mayu, ko na ACEP, ƙungiyar likitocin gaggawa ta Amurka, da ake yi da kaka. A wajen neman gurbin horon ƙwarewa a wannan fanni, wasiƙar tantancewa ta SLOE, wadda ake samu bayan aiki a sashen gaggawa a shekara ta huɗu, ta fi maƙala nauyi, kuma sashen da ɗalibi ya yi wa aiki a bazarar farko shi ne yakan rubuta masa ɗaya daga cikin irin waɗannan wasiƙu.