Yadda ake saƙa siririn mayafin wuya da ulun merino

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asubar hunturu a Kumasi yakan kama wuya da ƙirji, ko a Aboabo kike ko a Asawase. Siririn mayafi ya isa maganinsa. Merino ulun wata irin tunkiya ce da asalinta Sifen, yanzu kuma mafi yawansa daga Ostireliya yake fitowa. Silinsa siriri ne ƙwarai, shi ya sa ba ya sa ƙaiƙayi a wuya.

Ƙunshin kayan saƙa da ake sayarwa yakan zo da zare, kibiyoyin saƙa biyu da takardar bayani. Ga zare matsakaici, kibiya mai milimita 4 ta dace, ƙwallon zare uku masu giram 50 kowace kuma za su ba ki tsawon santimita 150 har da saura. Ki duba lambar rini a jikin takardar kowace ƙwallo. In ba ɗaya ba ce, launin zai bambanta a tsakiyar mayafi, kuma sai kin fita rana za ki gani.

Kafin komai ki duba hannunki. Kaushin hunturu yana kama silin merino ya tsattsage shi. Ki shafa man kaɗe, ki bari ya shige fata sosai, sannan ki taɓa zare.

Ki fara da ɗan gwaji: ɗaura ido 22 (ido shi ne madaukin zare a kan kibiya), ki saƙa layuka kamar 20, ki auna. Ya kamata faɗinsa ya kai santimita 10. In bai kai ba, hannunki na matse zare, ki sassauta ko ki ɗauki kibiyar da ta fi kauri. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, kuma nan aikinsu ke lalacewa.

Sai ki ɗaura ido 26, wanda zai ba ki faɗin santimita 12. Kowane layi ki yi shi da saƙar gaba, wato wadda ake soka kibiya daga gaban ido zuwa bayansa, zuwa da dawowa. Idan kika yi layi ɗaya da saƙar gaba, na biye da saƙar baya, gefuna za su nannaɗe, mayafi siriri kuwa sai ya koma kamar igiya, guga ma ba ta miƙar da shi. Ido na farko a kowane layi kada ki saƙa shi, ki zare shi kawai zuwa ɗaya kibiyar. Wannan ne ke ba da gefe mai santsi.

Ki riƙa ƙirga idanu bayan kowane layi 10. In sun zama 27, ko dai zare ya hau kan kibiya a farkon layi, ko kin huda tsakiyar zare ya rabu biyu, abin da merino ke yawan yi saboda laushinsa. Ki warware zuwa wurin kuskuren. Ƙwallo in ta kusa ƙarewa, ki haɗa sabuwa a bakin layi, ki bar jela santimita 15 da za ki soke ciki da allura daga baya. Ƙulli a tsakiya yakan kwance.

Wajen rufe idanu a ƙarshen mayafi ki saki hannu, in ba haka ba bakin zai tsuke.

Wanki shi ne inda ya fi bukatar kula. Ruwan zafi da cuɗawa suna sa silin ulu ya sarƙe, mayafin ya ƙanƙance ya yi tauri, kuma ba ya komawa yadda yake. Ki jiƙa shi minti 15 a ruwan sanyi da ɗan sabulu mai laushi, ki ɗauraye, ki naɗe shi cikin tawul ki danna. Kada ki murɗe, kada ki rataye a igiya, nauyin ruwa zai ja shi. Ki shimfiɗa shi a inuwa. Damina in ta shigo, ki tabbata ya bushe sarai kafin ki sa shi a jaka mai zif, saboda asu da fumfuna.